Mutanen Figil, Mu Koma Kasuwa

Ya ku jama'ar Figil, iyayena da yayyena da ƙannena, Gidar da Mundang da Fulani da Hausawa, da duk wanda Allah ya haɗa mu zama a gaɓar Mayo Luti: Magana ce ta kawo ni, kuma ba mai daɗin ji ba ce. Kasuwarmu tana ramewa a gabanmu, mun naɗe hannu muna kallo.

Na san wani zai ce ai har gobe ana cin kasuwa. Gaskiya ne, ana fitowa, ana baje kaya, ana tayi ana albarka. Amma duk wanda ya haura shekara arba'in a garin nan, in zai faɗi tsakaninsa da Allah, ya san wannan ba ita ce kasuwar da ya tashi ya tarar ba. Ta da, tun daga nesa kake jin gurnaninta kamar an taɓa amya. Ta yanzu, kafin la'asar ta yi sanyi ƙafa ta ɗauke, sai ledoji da iska ke kaɗawa tsakanin rumfuna.

Ni a gindin faifan kakata na san kasuwa. Daddawa take sayarwa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ni kuma aikina in ɗauko mata tabarma da ƙwaryar canji. Gefenta wata dattijuwa ce Bagidara mai tukwane, wadda ba ta jin Hausa sai ta gaisuwa, kakata kuma ba ta jin yarenta, amma shekara da shekaru in ɗaya za ta tashi, ɗayar ce ke tsare mata kaya, kuma ko dala ba ta taɓa ɓata a tsakaninsu ba. Da Fulatanci suke hira, da shi ake yawancin tayi a luumo, kamar yadda Fulani ke kiran kasuwa, sannan a ƙirga kuɗi da dala da jaka. Ina iya tuna hannun wani mai awo da ke gabanmu. Zai cusa tiya cikin tsibin dawa, ya ɗebo, ya ƙara da tafin hannu har ta yi tozo, ya kare gefenta da yatsunsa kada ƙwaya ta zube, ya juye a buhun mai saye, sannan ya damƙi wata ya watsa a kai ya ce, “Ga gyara, Inna, a gai da yara.” Wannan damƙin na ƙarshe shi ne ya sa matar take wuce masu awo goma ta zo wurinsa. A wannan fili na fara ganin manda da kanwa, na fara ganin busasshen kifin Lere a cikin kwando, na fara jin yadda dillali ke riƙe hannun mai saye da na mai sayarwa ya ƙi saki sai an ce “na sallama.”

Kwanan baya na koma wurin nan da kakata ke zama. Na tarar da wani tsohon maƙeri ya jera lauje shida da fartanya huɗu a kan buhu. Na gaishe shi na ce, “Baba, ya kasuwa?” Ya ce, “Da godiya, ɗana.” Ya yi shiru, can ya ƙara da cewa tun safe mutum biyu ne suka taya, kuma dukansu ba su dawo ba. Ƙarfen da ya saya, gawayin da ya ƙona, kuɗin babur ɗin da ya kawo shi daga ƙauye, duk suna kansa. Ya ce ɗansa ya ƙi zama a maƙera, ya tafi Garwa yana haya da babur, shi kuma bai ga laifinsa ba. Na sayi lauje ɗaya, ko gonar da zan yi yanka da shi ba ni da ita. Abin bai bar raina ba har yau, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kafin mu yi kuka, mu tuna abin da ya sa tun farko aka yi kasuwa a nan. Figil mararraba ce. Babbar hanyar da ta taso daga Garwa, kimanin kilomita 90 kudu da mu, ta nan take bi ta nufi Marwa da Kusiri. A nan kuma hanyar Lere ta ɓalle ta shiga Cadi, ta miƙe har Pala da Mundu. Ga garin Gidar a arewa, bayanta ga duwatsu, bayan duwatsu ga Mubi. Allah bai ba kowane gari irin wannan mazauni ba. Tun zamanin da Modibbo Adama ya kafa mulkinsa a ƙasar nan a farkon ƙarni na 19, fataken Hausa da Barebari suke ratsa wannan yanki da jakuna, suna kawo tufafi da kanwa da kayan koli, suna yada zango inda suka sami ruwa da aminci. Da yawa daga cikinmu jikokinsu ne. Daga baya, lokacin Turawa, tashar jiragen ruwa ta Garwa ta zama ƙofar arewacin Kamaru da kudancin Cadi gaba ɗaya. In Binuwai ta cika da damina, jirage su hauro daga Najeriya da gishiri da man fetur da kayan masarufi, su koma da auduga da gyaɗa. Audugar Cadi da ke neman wannan tasha, ta ƙofar gidanmu take wucewa. Inda mota ta tsaya kuwa, nan mai abinci ke tsayawa, nan ɗan dako ke samun na cefane.

Sai abubuwa suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya datse hanyar ruwa. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, kaya suka koma bin Duwala. Aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, tashar Garwa ta ƙarasa kwanciya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ɗan tireda ya wayi gari jarinsa ba ya sayen abin da ya saya jiya. Zargina suka addabi hanyoyi, masu tare motocin 'yan kasuwa ranar kasuwa su kwashe abin da mutum ya tara a shekara. Da aka matsa musu a kan hanya, suka koma ɗaukar mutane a rugage da ƙauyuka suna neman kuɗin fansa. Rikicin Boko Haram ya taso ya daƙile kasuwannin kan iyaka a can arewa da mu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Naira ta zube a 2023, wanda ke kai shanu da hatsi Mubi ya rasa yadda zai yi lissafi. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka shawarci mutumin Figil kafin ya auku.

To amma, 'yan'uwa, kasuwar Pitowa ma a ƙasar nan take. Duk guguwar da ta kaɗa mu ta kaɗa ta, ga shi kuwa kowace Lahadi mutane na tururuwa can daga Garwa da ƙauyuka. Karar Adumri har yanzu dillalan shanu na yi mata sammako daga nesa. Saboda haka kada mu jingina komai a kan zamani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi damuna ba daga Yawunde ko Abuja ta zo ba. Mu muka yi ta da hannunmu.

Mun daina kai kayanmu kasuwa. Wannan ita ce cutar, sauran duk alamunta ne.

Ku dubi yadda ake yi yanzu. Da kaka, tun gyaɗa ba ta gama bushewa ba, sai ga yaro a kan babur da buhunan wofi da waya a hannu, ya shigo ƙauye har ƙofar gida. Ba shi ne mai kuɗin ba, wani ne a birni ya aiko shi. Zai ce, “Baba, me zai kai ka wahalar kasuwa? Ga kuɗinka a hannu, ba kuɗin mota, ba tikiti.” Manomi ya ga sauƙi ya sallama. Abin da bai gani ba shi ne, a ƙofar gidansa mai saye ɗaya ne, kuma farashin da ya faɗa shi ne farashi. A kasuwa kuwa masu saye biyar ne ko goma, wannan ya taya wancan ya ƙara, kai da kayanka kana zaune kana cewa albarka har sai ta kai inda kake so. Amfanin kasuwa ke nan tun asali: ta tara masu nema wuri guda domin mai abu ya san darajar abinsa. Wanda ya raba ka da ita ya raba ka da idonka ne. Mafi muni shi ne wanda yunwar damina ta kama a watan Agusta, ya karɓi 'yan kuɗi a kan zai biya da buhu in an yi girbi. Wannan tun masararsa na tsaye a gona ta zama ta wani. In kaka ta yi a zo a ɗauke, ba ta ga kasuwa ba balle a taya. Sai rani ya tsananta, shi wannan manomin ya zo sayen hatsin da ya noma, a tiya, da tsadar da ba a ba shi ba.

Auduga dama tana da hanyarta. Tun da aka kafa Sodecoton a 1974, a wurin awon kamfani ake sayar da ita, kuma wannan tsari ne da ke da amfaninsa. Amma gyaɗa da wake da masara da riɗi da albasa da masakwa, da akuya da tunkiya da kaza, waɗannan su ne jinin kasuwar mako. In suka bi ta bayan gida suka fice, da me kasuwa za ta ci? Manomin da bai zo ya sayar ba, ba zai sayi lauje ba. Matarsa ba za ta sayi tukunya ba, ba za ta yanki atamfa ba, tela ba zai ɗinka ba, mai ƙosai ta koma gida da ƙullunta. Ka ga yadda buhun gyaɗa guda da aka sayar a zaure ya hana mutum biyar cin abinci.

Mu 'yan kasuwa ma muna da namu kason. Da yawa mun tsere daga cikin kasuwa mun kafa tebur a bakin kwalta, kowa na son ya riga ɗan'uwansa tarar fasinja. Ga manyan motoci masu ɗaukar siminti da masu zuwa Cadi suna shafa gefen tiren mai tsire, ga yara masu talla suna gudu tsakanin tayoyi. Cinikin bakin titi cinikin minti biyu ne da baƙon da ba zai dawo ba, ba ya gina amana, ba ya haifar da abokin ciniki na shekara ashirin. Sannan ga maganar mudu, wadda dole in faɗe ta ko da za a ji haushina. Akwai masu tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa. Akwai masu bubbuga gindin kwano ya lotsa ciki. Akwai masu zuba tsakuwa a ƙasan buhun wake, da masu jera manyan albasa a baki su cusa ruɓaɓɓu a tsakiya. Matar ƙauye da aka cuta sau ɗaya ba za ta yi faɗa ba, za ta ɗaure kayanta ta tafi, mako mai zuwa kuma ta nufi wata kasuwar, ta ja maƙwabtanta biyar. Musulminmu sun san akwai sura guda a Alƙur'ani da aka saukar da sunan masu tauye mudu. Kiristocinmu ma sun san littafinsu ya yi hani da ma'aunin zalunci. Ba mu da uzuri ta kowace fuska.

To me za mu yi? Abin farko ba ya bukatar ko sisi. Manoman Bidzar da na Lam da duk ƙauyukan da ke kewaye da mu, ku haɗa kai unguwa unguwa ku yi alkawari: abin da za a sayar, a kasuwa za a sayar da shi. In kuɗin mota ne ya yi wa mutum ɗaya yawa, mutum biyar su haɗa buhunansu a amalanke ɗaya ko a mota ɗaya. Mai babur ɗin nan ba maƙiyinku ba ne, ɗanmu ne yana neman halaliyarsa. Ku ce masa, “Mu haɗu a kasuwa, ka taya tare da sauran.” In farashinsa na gaskiya ne, zai saya a can ma. Wayar nan da yake kira da ita, ku ma kuna da irinta. Kafin ku ɗaure buhu ku kira ɗan'uwa a Garwa ko Gidar ko Marwa ku ji nawa ake ciki.

Maganar bashin damina kuwa tana da magani, kuma ba daga nesa za a ɗauko shi ba. Manoma a Nijar sun daɗe suna yin wani tsari: da kaka, lokacin da hatsi ya yi arha, ƙungiya ta tara buhunan membobinta a ɗakin ajiya guda, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun asusun ba da rance. A ba kowa rance gwargwadon wani kaso na darajar hatsinsa ya biya bukatarsa ko ya yi sana'ar rani. In farashi ya ɗaga bayan wata biyar ko shida, a buɗe, a sayar, a biya rance, ribar ta zauna a aljihun wanda ya yi noman. Abin da wannan ke bukata shi ne ɗaki mai kyau wanda ba ya yoyo, da mutane masu amana. Shin Figil ta rasa ɗayan biyun nan?

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai. Tun 1971 masana'antar Cimencam ke yin siminti a garin nan. Daga duwatsunmu ake fasa farin dutse, a nan ake ƙona farar ƙasa. Simintin Figil ya gina gidaje da makarantu da masallatai da majami'u daga Ngaundare har Kusiri, ya ƙetara Cadi. Garin da ya ba arewa duka abin gini, bai kamata a ce uwayensa na zaune a ƙasa da damina suna ɗaga faifai daga caɓi ba, ko suna fakewa a ƙarƙashin tsumman buhu a zafin watan Afrilu, wanda duk mun san yadda yake a ƙasar nan. Ina kira ga shugabannin kamfanonin da ke aiki a nan, cikin girmamawa: ku maƙwabtanmu ne, ma'aikatanku a kasuwar nan suke cefane. Ku sa hannu a gina rumfuna masu daɓe, da magudanar ruwa, da ɗakin ajiyar hatsi, da rumbun albasa mai shan iska, da mahauta mai tsabta. Mu kuma kada mu je musu ɗaya ɗaya kowa da roƙon aljihunsa. Mu je a ƙungiyance, da takarda a rubuce, da zanen abin da muke so da lissafinsa. Wanda ya zo da tsari, ko ba a so sai an saurare shi.

Yallaɓai magajin gari da 'yan majalisarka, ranku ya daɗe. Dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 ta tabbatar da cewa gina kasuwa da kula da ita aikinku ne, kuma ku ke karɓar kuɗin wuri. Akwai asusun FEICOM, wanda aka kafa tun 1974 domin taimaka wa ƙananan hukumomi da irin waɗannan ayyuka. Ba na zargin kowa da komai. Roƙona ɗaya ne, kuma mai sauƙi: a kafa allo a ƙofar kasuwa, duk wata a rubuta abin da tikiti ya tara da abin da aka yi da shi. Mai sayar da yakuwa da ta ga dalarta ta zama famfo, ba sai an bi ta da gudu ba, da kanta za ta miƙa. A fara da abubuwa uku da suke korar mata daga kasuwa tun rana na tsaka: ruwan sha, makewayi, da inuwa. Ku tambayi kowace mace da ta wuni a can da goyo me ya sa take tashi da wuri, za ta gaya muku. Dalbejiya ba ta da tsada, ba ta kuma tsoron ƙasarmu. In kowane mai rumfa ya dasa ɗaya ya kare ta daga awaki, cikin 'yan shekaru kasuwar za ta canza kama.

Mai martaba Lamido, Allah ya ja zamaninka, da lawanai da jaurori: kasuwa ba ta zama sai da uba. A da, in rigima ta tashi, akwai inda ake zuwa. Sarkin kasuwa ya san wurin zaman kowa, sarkin pawa ya san dabbar da aka yanka da inda ta fito, baƙon da ya kawo shanu yana da fatoma da zai sauke shi ya tsaya masa. A farfaɗo da wannan. A fito da mudu guda na gari, mai hatimi, a rataye shi a rumfar sarkin kasuwa, duk wanda ya yi shakkar awon da aka yi masa ya zo ya gwada a gaban jama'a. Wanda aka kama da na algus a yi masa gargaɗi, in ya sake a hana shi awo. Ba sabon abu ba ne. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, take ci, kuma ba ginin ne ya riƙe ta ba, tsarin shugabanni da dillalai da amana ne. Dawanau ma da ta zama cibiyar hatsi ta Afirka ta Yamma, ƙungiyoyin 'yan kasuwarta ne ke riƙe da ita, kowane layi da shugabansa.

Akwai wata magana da ake yi ƙasa ƙasa, ni zan ɗaga ta. Makiyayi da yawa sun daina kawo sa kara, ba don ba su son farashi ba, sai don tsoro. Sun san akwai idanu a kasuwa. Ka sayar da bijimi da rana, a ga ka naɗe kuɗi, da dare a zo a ɗauki ɗanka. Masu ɗaukar mutane ba duba suke yi ba, wani ne a cikinmu ke ba su labari, wanda muke gaisawa da shi, muke cin tuwo tare. Duk wanda ya san irin wannan mutum ya rufa masa asiri, ya sani da hannunsa a cikin hawayen uwar yaron. A faɗa wa shugabanni, a faɗa wa jami'an tsaro, a ƙarfafa 'yan banga da ke sintiri a hanyoyin ƙauye ranar kasuwa. Sannan mu yi amfani da abin da zamani ya kawo. Ga Orange Money ga MTN, a sa rumfunansu a cikin kara, a gama ciniki a tura kuɗi ta waya, mutum ya koma rugarsa da sandarsa kawai. Dillalai, ku ne za ku koya wa dattawa wannan, ku tsaya musu har su yarda da shi.

Matasa, ban manta da ku ba, kuma ba zan ce muku ku zauna cikin talauci don kishin gari ba. Amma ku duba da kyau. Albasar da ake lodi daga arewa zuwa Yawunde da Duwala, wani ne ke cin ribar tattara ta da adana ta. Gyaɗar da ke fita ɗanya, a nan za a iya matse ta a sayar da mai da ƙuli. Kowace rana motoci na ratsa garinku cike da mutane masu yunwa da ƙishirwa da kuɗi a aljihu. Baƙi na zuwa kallon zanen da mutanen zamanin da suka yi a kan duwatsun Bidzar, suna zuwa kwazazzabon Kola kusa da Gidar, su wuce ba su sayi ko faifai ɗaya a wurinmu ba, domin ba wanda ya nuna musu hanyar kasuwa. Ku da kuka yi boko, ku ne za ku rubuta wa ƙungiya takarda, ku riƙe mata littafin lissafi, ku ɗauki hoton tukwanen iyayenku da tabarminsu ku sa a Facebook da WhatsApp tare da ranar da kasuwa ke ci. Ku zauna kusa da tsohon maƙerin nan ku koyi abin da ke hannunsa tun yana da rai, ku ƙara masa da naku ilimin walda.

Ku kuma ma'aikata, malaman makaranta da na asibiti da na masana'anta, da 'yan Figil mazauna Garwa da Yawunde da Njamena: albashinku a ina yake ƙarewa? In za ku sayi buhun masara na shekara, ko ragon layya, ko akuyar Kirsimeti, ko kayan ɗakin 'yarku, ku saye su a nan. Hajiya, tukunyar ƙasa da kike aikawa a sayo miki a birni, daga ƙauyen da ke bayan gidanku aka kai ta.

Iyayena mata, na bar ku a ƙarshe ne don ku ne kasuwar. Ku ke fara zuwa, ku ke sayar da ƙanana, ku ke saye don tukunya. Kuna da adashi, kun san yadda ake tara kuɗi a raba ba tare da an kai ƙara ba. Duk kwamitin da za a kafa in babu ku a ciki, da bakinku da ƙuri'arku, kada ku yarda da shi. Mai nono da mai daddawa da mai kifi da mai tukwane, kowane layi ya fitar da mace ɗaya da za ta yi magana da yawunsa.

Ranar kasuwa mai zuwa, in an yi sallar azahar, kada kowa ya yi saurin naɗe tabarma. Mu taru a rumfar masu awo. Kowane layi ya turo mutum biyu, kowane ƙauye ya turo nasa. Masu awo su zo da tiyoyinsu a gwada su a bainar jama'a, a tsayar da guda. A zaɓi waɗanda za su kai takarda fada da ofishin magajin gari da ƙofar masana'anta, a sa musu ranar da za su dawo mana da amsa. Wanda ke da tsintsiya ya zo da ita, wanda ke da dashen dalbejiya ya kawo. Ni zan zo da littafi da biro in rubuta sunayen layuka, zan kuma zo da laujen nan da na saya, mu fara da ciyawar da ta cinye layin maƙera.